Miyar Ridin Yaya Juli

Da farko ku yi min afuwa, na san na bar ku cikin shiru. Wasu har ta bayan fage suka biyo ni da saƙo, wai "Jacinta, ko an sha biki ne ba ki gayyace mu ba?" Ba a sha komai ba. Abin da ya faru a gidanmu cikin Kirsimetin nan ne ya sa duk sanda na ɗauki waya zan rubuta, sai yatsuna su ƙi. Yau dai na daure. Wanda bai san ni ba, bari in fara gaya masa ko wace ce ni.

Sunana Jacinta Isaiah. A Arawa muke zaune, nan cikin Gombe, amma asalinmu Billiri ne. Ina koyarwa a wata firamare. Mu biyu iyayenmu suka haifa, ni da yayata Juliana, shi ya sa har gobe ba mai kiran Mama da sunanta Mairamu a unguwarmu, sai Maman Juli. Baba ma Baban Juli. Yaya Juli ta rasu shekara biyu da suka wuce, dab da Kirsimeti, a hatsarin mota bayan an wuce Kumo. A Janairun da ya biyo baya ya kamata a yi bikinta. Kuma mutumin da za ta aura, Gilbert, shi ne yau yake neman aurena.

Na san abin da wasunku za su ce. Ni ma na faɗa wa kaina, ya fi a ƙirga.

Gilbert bai ɗauke ƙafa daga gidanmu ba bayan jana'iza. Ma'aikacin gwamnatin tarayya ne a sashen auna filaye, gidansu na GRA, amma duk Lahadi in an tashi daga coci wurinmu yake yowa. Shi ke kai Baba ganin likitan hawan jini, shi ya gyara mana famfo, shi ke zama da Mama a baranda su yi shiru tare, wani lokacin har la'asar ba wanda ya ce uffan. Ni kuwa Yaya Gilbert nake ce masa, in kawo masa ruwa in wuce ɗaki.

Da daminar bana ruwa ya tsare shi a gidanmu wata Asabar. Ina zaune ina tsinke zogale, yana tsaye yana kallon ruwan da ke zuba daga indararo. Can sai ya ce, bai ko juyo ba, "Jacinta, ki daina ce min Yaya."

Na ce, "To in ce me?"

"Ki ce Gilbert. Na daɗe ina kokawa da zuciyata, na gaji."

Masu karatu, ba zan yi muku ƙarya ba, ina son shi. Ban so shi lokacin da yake na Yaya Juli ba, Allah shaida ne. Cikin shekarun nan na kuka abin ya shigo min a hankali, ban ma san ranar da ya shigo ba. Amma da maganar ta je kunnen Mama, abin da ta yi ya tsaya min a rai. Durƙusawa ta yi a tsakar falo ta ɗaga hannu sama tana cewa, "Na gode Ubangiji, ba ka raba gidan nan da Gilbert ba." Tana kuka tana dariya. Ni ko kallona ba ta yi ba, balle ta tambaye ni ko ina so.

Aka tsayar da cewa washegarin Kirsimeti danginsa za su zo gaisuwa.

Ku fahimci wani abu: a gidanmu Kirsimeti na Yaya Juli ne. Tun Nuwamba za ta aika ƙauye a kawo mata karan dawa, ta yanyanka ta haɗa taurari, ta naɗe su da ulu ja da fari da kore, ta rataye tun daga ƙofar gida har bakin kicin. Kujerun falo kowacce da mayafin da ta saƙa mata da kwarashi. Kowa da kyautarsa ta hannu: Baba hular sanyi, Mama jakar Littafi Mai Tsarki, ni kuwa kullum safa, wai ƙafata kamar ta kwaɗo take don sanyi. Sai uwa uba miyar ridi da busasshen kifin dam ɗin Dadin Kowa, a ci da tuwon shinkafa. Wasu gidajen shinkafa da kaza ne Kirsimetinsu. Mu kuwa Baba cewa yake in bai ji ƙamshin ridi na tashi ba, shi kam bikin bai zo ba tukuna. Ridin ma ta tafi sayowa Billiri ranar da ba ta dawo ba, don ta ce na can ya fi mai.

Tun daga nan ko zare ɗaya ba a sake ratayewa a gidanmu ba. Mu je coci mu dawo, Mama ta dafa shinkafa da wake ta shige ɗaki.

Farkon Disamban nan na dawo daga makaranta na tarar da Mama zaune a tabarma, ta sauko da akwatin ƙarfen Yaya Juli, ta buɗe. Taurari zube ko'ina, wasu sun karye, wasu ulunsu ya koɗe. Abin da ya fara dukana ƙamshi ne. Man kwakwar da take shafa wa gashinta, shi ne ya cika falon kamar yanzu ta fito daga wanka ta wuce. Jakata ta suɓuce daga kafaɗata.

"Zo ki zauna," Mama ta ce. "Bana za mu yi Kirsimeti."

Ta laluba ƙasan akwatin ta ciro wani farin mayafin tebur, an saƙa rabi, kwarashin na nan a soke inda aka tsaya.

"Wannan ta fara wa uwar Gilbert. Ke za ki ƙarasa, ki ba ta ranar da suka zo."

"Mama, ban iya kamar ita ba."

"Ai tare na koya muku."

"Amma a matsayin suruka ta fara shi. In kuma ni na miƙa..."

Ta ɗago ta dube ni. "To ke mece ce yanzu?"

Na karɓa.

Kullum da yamma sai in zauna a baranda in yi ta fama. Hannun Yaya Juli sakakke ne, furanninta a buɗe suke, ni kuma hannuna matsattse ne. In saƙa, in warware, in sake. Ana cikin haka wata rana na ɗaga mayafin ina duba shi a hasken rana, sai na ga wani abu baƙi ya bi ta cikin farin ulun. Silin gashi ne, dogo, an saƙa shi tare da zaren. Na san nata ne, don in tana saƙa takan sosa kai da gindin kwarashi. Na kama bakinsa na ja, ya ƙi fitowa. Sai dai in warware aikinta. Na bar shi. Tun ranar, in na ɗauki saƙar sai in ji kamar akwai mai zaune ta haguna tana leƙen hannuna. Sau da yawa har matsawa nake yi in ba ta wuri, sannan in tuna.

Da ulun ya ƙare na ɗauki guntun zare na shiga Kasuwar Gombe neman irinsa. Garin ya cika, ga masu jan awaki, ga 'yan dako suna ta "hanya, hanya," ga shaguna sun saki waƙoƙin Kirsimeti. Na nufi layin masu kayan ɗinki, rumfar wani dattijo Malam Bawa, inda na sha raka ta. Ina tsayawa ya washe baki.

"A'a'a! Amarya! Ashe kina garin nan? Wato an yi aure an manta da mu. Ina ango?"

Na ɗaga masa guntun zaren. Shi kuwa har ya juya yana lalube a bayan kanta.

"Farin nan naki mai laushi, ai na ce miki zan ajiye. Bara na jira ki har aka gama biki. Kin ɗan rame fa, ko laulayi ne?"

Na ce, "Baba, ba ita ba ce. Ƙanwarta ce. Ta rasu."

Ya tsaya da ƙunshin ulun a hannu. Ya yi salati, ya zauna a kan bencinsa. "Allah sarki. Allah sarki. Yarinya, ki yafe min. Tsayuwarki ce, da yadda kika riƙe zaren nan. Da can ai ba kwa kama haka."

Maganarsa ta ƙarshe ce ta bi ni har cikin Keke Napep. Gaskiya ya faɗa, da can ba ma kama. Ita doguwa ce mai fara'a, mai son jama'a, ni kuwa gajera, mai shiru da saurin fushi. To yaushe na fara tsayuwarta?

Ina isa gida saƙon Gilbert ya shigo.

"Malama, kin ɓoye. Me kike yi?"

"Saƙa."

"Saƙa? Ke da ulu ke sa ki atishawa?"

Na yi murmushi ni kaɗai. Wannan dai ni ce, ba wata ba. Na rubuta, "Mama ce ta ce in ƙarasa mayafin teburin."

"Wanne?"

"Ka san wanne."

Na ga yana rubutu, ya tsaya, ya sake farawa, ya sake tsayawa. Can dai: "Jacinta, ba sai kin yi ba."

"Har da miyar ridi za a yi muku."

"Don Allah ki dafa min taliyar nan taki mai manja da yaji, wadda ke sa ni hawaye. Ita nake so."

"A ranar gaisuwa? Kana so Mama ta kore ni daga gidan?"

Ya turo fuskar dariya. Ni ma na tura. Amma ba na jin akwai wanda ya yi dariyar a cikinmu.

Jajiberin Kirsimeti Iya Kadijatu ta shigo da ƙaton kaskonta a ka. Maƙwabciyarmu ce, Bakatsiniya, katanga ɗaya ta raba mu. Tun muna yara ita ke taya Mama suyar cincin, in Babbar Sallah ta zo kuma Mama ta tsallaka ta taya ta suyar nama. Shekara biyu ba a kira ta ba, bana da Mama ta aika har guɗa ta yi daga cikin gidanta. Aka baje fulawa a faranti, ni ina murzawa ina yankawa, Iya na bakin wuta, Mama na tsamewa. Har da hira, har da dariya. Rabon da in ji dariyar Mama haka na manta.

Sai Mama ta ce, "Juli, miƙo min matsamin can."

Na miƙa mata. Ba ta ma san me ta ce ba. Iya Kadijatu ta dube ni ta gefen ido, ta ci gaba da juya cincin. Sai da Mama ta shiga ciki ɗauko bokiti sannan ta rage murya.

"Tun yaushe take kiran ki haka?"

"Tun da aka buɗe akwatin, Iya. Ba kullum ba."

"Kuma kina amsawa."

"To ya zan yi? Kin ga dai yadda ta warware."

Ta share gumi da bakin zani. "Na gani. Ni ma na binne ɗa, na san wannan ciwon. Amma 'yar nan, ki ji ni da kyau. In kika saba amsa sunan da ba naki ba, wata rana za a kira naki ki waiga ki ga wa ake nufi."

Mama ta dawo, maganar ta mutu.

Ranar Kirsimeti muka je coci muka dawo, taurari na lilo a ƙofar gida, yaran unguwa na shigowa karɓar cincin. Amma duk hankalin Mama na kan gobe. Washegari da sassafe ta tashe ni. An riga an rege ridi an shanya, an gyara kifi an cire ƙaya. Ta ɗora busasshen kasko ta ce in soya.

Na juya har ya fara tsalle yana ƙamshi, na kai hannu zan sauke.

"A'a. Ƙara."

"Mama, zai ƙone."

"Ba zai ƙone ba. Sai ya yi ja, kamar saura kaɗan ya ƙone. Haka take yi."

Take yi. Ba ta ce "takan yi da can" ba. Na ci gaba da juyawa. Da ridin ya yi ja, wani ƙamshi ya tashi wanda gidan nan ya manta da shi, ya bi ta tsakar gida ya shiga ɗakuna. Baba ya fito da rediyonsa a hannu, ya tsaya a bakin kicin. Ina durƙushe na ba shi baya, amma na ji tsayuwarsa. Ya daɗe. Sannan ya kashe rediyon ya koma ɗaki ya turo ƙofa.

Na daka ridin a turmi har ya fitar da mai. Daddawa, attaruhu, albasa, ɗan manja kaɗan, sai kifi, sai ganyen yakuwa a ƙarshe. Duk abin da na ɗauka Mama na kaina: rage, ƙara, ba da wannan ludayin ba. Da ta nuna ta ɗiga a tafin hannu ta lasa, ta rufe ido. Hawaye ya gangaro mata.

"Ita ce," ta ce. "Ita ce sak."

Na so in ji daɗi. Tsoro na ji.

Na yi wanka na shiga ɗaki zan sa koriyar atamfata da na kai ɗinki tun watan jiya, riga da siket, mai ɗan fiffike a hannu. Sai na tarar da wasu kaya shimfiɗe a kan gadona. Leshi ne ruwan zuma mai duwatsu a wuya, da ɗankwalinsa. Na san shi. Yana cikin kayan auren da gidan su Gilbert suka kawo wa Yaya Juli, ta ɗinka don Lahadin godiya bayan biki, ba ta taɓa sawa ba.

Mama na tsaye a bakin ƙofa. "Na kai wa tela ya rage tsawon. Gwada mu gani."

"Mama, don Allah. Wannan kam a'a."

"Kaya ne fa kawai, Jacinta. So kike asu ya cinye shi a akwati? Ni dai in gan shi a jikin mutum sau ɗaya kafin in mutu." Muryarta ta karye. "Ban gan ta a ciki ba. Ko sau ɗaya ban gan ta a ciki ba."

Ku gaya min, wace 'ya ce za ta ji wannan ta ce a'a? Na sa. Ya zauna min cif kamar da ni aka auna. Mama ta ɗaura min ɗankwalin da kanta, ta karkata shi gefe irin ɗaurin Yaya Juli. Na ɗaga ido na dubi madubi, na yi sauri na sunkuyar. Ban sake kallo ba.

Da azahar suka iso: Gilbert, mahaifiyarsa, da kawunnansa, da buhun shinkafa da lemo da akuya a bayan mota. Mahaifiyar tasa tsohuwar ma'aikaciyar jinya ce, mace mai natsuwa da ƙarancin magana. Aka zauna a falo, aka gaisa, aka taɓa maganar da ta kawo su. Sannan aka ce in shigo da abinci.

Na shigo da tire, na durƙusa. Gilbert na cikin magana da Baba, ya juyo, sai kalmar ta tsaya masa a baki. Fuskarsa ta yi fari fat, ya riƙe hannun kujera kamar wanda ƙasa ke juyawa da shi. Mahaifiyarsa ta dubi leshin tun daga wuya har ƙasa. Ita ta zaɓo shi a kasuwa da hannunta.

Na miƙa mata mayafin teburin a naɗe. Ta karɓa ta ce, "Allah ya yi miki albarka," ta ɗora a cinya.

Baba ya ce Mama ta sa wa abincin albarka, tunda ita ke jan addu'a a zumuntar mata. Muka rufe ido. Ta gode don haihuwar Mai Ceto, ta gode don baƙi, ta gode don abinci. Sai ta ce, "Ya Uba, ga 'ya'yanka a gabanka, Juliana da Gilbert. Abin da ka fara, ka cika shi."

Wani kawu ya ce "Amin" da ƙarfi, sannan ya yi tari. Na buɗe ido. Baba ya dafe goshi. Gilbert na kallona, idonsa ya kaɗa ya yi ja.

"Mama," ya ce a hankali, "Jacinta."

Mama ta buɗe ido tana murmushi. "Ai abin da na ce ke nan, ɗana. Bismillah, ku ci kar ya huce."

Kawunnan suka sa hannu suna ta santi, wai rabonsu da irin wannan miya tun ta kakarsu. Gilbert ya yanki loma ɗaya ya kai baki. Ya ajiye hannu a gefen kwano, bai sake ɗagawa ba. Na tashi na fice kafin kukan ya ƙwace min a gaban mutane.

Ina kicin ina wanke tukunyar da ba ta buƙatar wanki, na ji takun mutum. Mahaifiyar Gilbert ce, da mayafin a hannunta. Na yi sauri zan durƙusa, ta riƙe min kafaɗa.

"Tashi, 'yata." Ta warware mayafin, ta bi shi da yatsa har ta kai tsakiya, ta tsaya. "Daga nan zuwa nan hannun marigayiya ne. Daga nan kuma naki ne. Kin yi ƙoƙari ki ɓoye, amma bai ɓoyu ba. Kuma ni naki ɗin ya fi min, ya fi ƙarko." Ta naɗe shi. "Tambaya ɗaya zan yi miki, ki dubi Allah ki ba ni amsa. Ke kike son Gilbert, ko so ake yi miki?"

Hawayen ya zubo. "Ni nake son shi, Mama."

"To alhamdu lillahi. Shi ma ke yake so, ni na haife shi, na sani. Amma kin ga abin da ya faru yanzu. Yaron nan duk Lahadin da ya dawo daga gidan nan ba ya iya cin abinci. Yana zuwa ne don ba zai iya juya wa iyayenki baya ba. Shi ya sa ya nemi canjin wurin aikin."

Na saki soson da ke hannuna. "Wane canji?"

Ta dube ni da mamaki. "Bai gaya miki ba? Oh, Gilbert. Ya ce sai an gama gaisuwa, kar ya ɗaga miki hankali. Lokoja suka ba shi. Shi ya roƙa da kansa. Ya ce in kuka zauna a Gombe, ku uku za ku zauna a gidan auren, kuma ke za a danne. Ana gama biki yake so ku tafi."

Lokoja. Ko hanyarta ban sani ba. Abu biyu suka taso min lokaci guda, har na rasa wanda zan kama. Na farko wani sanyi ne, kamar an buɗe min taga a ɗakin da na daɗe a kulle: garin da ba wanda zai gan ni ya tuna da wata. Na biyu kuma haushi. Shi ma ya zauna ya tsara min rayuwa bai tambaye ni ba. Kowa a cikin maganar nan ya san abin da ya dace da ni, sai ni.

Sai kuma na tuna Mama. Wa zan bar mata?

Ƙarar cokula ce ta sa muka juya. Mama ce tsaye a bakin kicin da tiren kwanuka, cokulan na rawa a kai. Ban san tun yaushe take wurin ba.

"Maman Juli," mahaifiyar Gilbert ta fara, "bari in..."

Mama ta sunkuya ta ajiye tiren a ƙasa a hankali, kamar mai kwantar da jariri. Ta gyara ɗaurin zaninta. Ba ta dube mu ba ta juya ta nufi falo. Na bi ta da gudu ina "Mama! Mama!" leshin na harɗe min ƙafa.

Ta tsaya a tsakiyar baƙi. Muryarta ko rawa ba ta yi.

"Baban Juli, ka mayar musu da akuyarsu da shinkafarsu. Na ba su ɗaya, ƙasa ta karɓe. Ba zan ba su ta biyu ɗansu ya kai min ita Lokoja, can bayan duniya ba. Na fasa."

Gilbert ya miƙe tsaye. Kawunnan suka shiga kallon juna da tuwo a hannu. Baba bai motsa ba. Ya cire tabaransa, ya goge da bakin riga, ya mayar. Tunda aka fara maganar auren nan ban taɓa jin ya ce e ko a'a ba, sai dai ya ce yadda uwarku ta gani.

"Mairamu, zauna," ya ce. Rabon da in ji ya kira ta da sunanta tun ina ƙarama. "Kin yi magana. Gilbert ya yi tasa, har ya nemo gari. Mutum ɗaya ne ba a ji bakinsa ba a gidan nan."

Ya juyo wajen ƙofa inda nake riƙe da labule.

"Jacinta. Shigo ki tsaya nan. Ba uwarki za ki duba ba, ba shi za ki duba ba. Ni za ki duba, ki gaya min abin da kike so."

Na saki labulen. Mama na gefen dama tana girgiza min kai. Gilbert na gefen hagu ya kasa ko ƙifta ido. Na tako har gaban Baba, ina jin bugun zuciyata a cikin kunnena.

Na ce, "Baba, zan faɗa. Amma a ba ni izini in je in sa kayana tukuna."